Shafa A Riga Ba Wanki Ba Ne



A shekarar 2012, mutane kimanin 11,000 a Jamus, yawancinsu 'yan makaranta, sun kamu da amai da gudawa bayan cin sitiroberi daskararre daga Sin. Ƙwayar cutar ba ta ganuwa, sanyi kuma bai kashe ta. Daga kashi take bin ruwa da hannu zuwa baki, kamar ƙwayar ciwon hanta mai kawo shawara.

Mu a Danchadi, magarya, kanya, tumatir da latas muke ci ɗanye. Don haka a wanke hannu da sabulu, a wanke su da ruwa mai tsabta, a hana bahaya kusa da fadama. Rigakafi ya fi magani.