Ciwon Daji: Wane Ake Gado, Wane Ba A Gado?

Wannan shi ne jawabin da wata ma'aikaciyar lafiya ta yi wa 'yan ajin yaƙi da jahilci na mata a Dole Kaina.

Malamar ta fara da tambayar da aka fi yi mata: idan sankarar nono ta kashe uwa, 'yarta ma sai ta yi? Ta ce a'a. A cikin masu ciwon daji 100, kamar 5 zuwa 10 ne kawai suka gaje shi. Amma a gidan da ya zama na gado, lamarin ba na wasa ba ne.

Ta bayyana cewa a 1994 da 1995 masana suka gano wasu ƙwayoyin halitta biyu, BRCA1 da BRCA2, masu tsare jiki daga sankara. Idan ɗaya ta zo da tawaya, mace na cikin haɗarin sankarar nono da ta ƙwan haihuwa, sau da yawa tun da ƙuruciya. Wani bincike da aka yi a Ibadan, wanda aka buga a 2018, ya sami irin wannan tawaya a jikin kusan mace 11 cikin 100 masu sankarar nono.

Ta ja kunne kada a kwatanta shi da sikila. Sikila sai uwa da uba sun haɗu. Wannan kuwa ɗaya ya isa, kuma kowane ɗa ko 'ya rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Uba ma yana bayarwa ko da shi lafiyarsa lau, don haka ciwon gwaggo abin lissafi ne kamar na inna.

A nan ta daɗe. Ta ce dangin mutanen Dole Kaina a warwatse suke, wasu a Gaya ta Nijar, wasu a Malanbil ta Benin. Mace sai ta rasu a tsallake, a ce "ciwon nono ne", a rufe zancen saboda kunya. Likita kuwa ba shi da hanyar sani sai an faɗa masa: su wa suka yi, a wane sashen jiki, suna da shekara nawa. Mata biyu ko uku a dangi ɗaya, ko wadda ta kamu kafin shekara 50, ko namiji mai sankarar nono, duk dalili ne na neman a tura mutum asibitin Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Sakkwato. Haka nan yaron da ƙwayar idonsa ke farin ƙyalli kamar ta kyanwa, a kai shi ba da jinkiri ba.

Sankarar hanta kan bi gida ɗaya, amma galibi ƙwayar cutar hanta nau'in B ce da jariri ke ɗauka daga uwa ko tun yana ƙarami. Wannan tana da allurar rigakafi, ana yin ta farko cikin awa 24 da haihuwa.