Ƙasar Bafarawa: Tudunta da Fadamarta

Bafarawa gari ne a ƙasar Isa, gabas da Sakkwato, cikin yankin da aka fi sani da Gobir. Arewa da shi akwai Sabon Birni, kusa da kufan Alkalawa, birnin Gobirawa da aka ci a 1808. Daga nan kaɗan ya rage a shiga ƙasar Nijar.

Wanda duk aka ba aiki a wannan ƙasa, wajibi ne ya san kashi biyu ce, watau tudu da fadama. Tudun yashi ne, jigawa, mai sauƙin noma amma ba ya riƙe ruwa. Nan ake shuka gero da wake da gyaɗa, ga gawo da aduwa da kalgo jefi jefi. Fadama kuwa laka ce, tana bin gulaben Bunsuru da Gagare, waɗanda ke haɗuwa su zama Gulbin Rima. Ita ke ba da shinkafa da dawa, da rani kuma albasa da dankali.

Damina gajeriya ce. Ruwa yakan zauna a watan Yuni, ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba, kuma Agusta ya fi kowane wata ruwa. Bayan kaka sai hunturu da ƙura, sa'an nan bazara, lokacin da rijiyoyi ke ja da baya, zafi ya tsananta a Afrilu.

To, abin lura shi ne, shekarar da ta yi wa tudu daɗi ba lalle ta yi wa fadama ba. Gulaben nan daga nesa suke ɗauko ruwansu, daga ƙasar Katsina da Zamfara. Saboda haka gulbi yakan cika ya cinye shinkafa alhali geron tudu yana neman ruwa. Ambaliyar 2010 ta ɓata gonaki masu yawa a kwarin Rima, farin 1973 da na 1984 kuwa tudu suka fi yi wa ɓarna.

Zamanin En'e, kafin a kafa ƙananan hukumomi a 1976, malamin haraji mai hankali ba ya yanke wa gari hukunci da ganin gona ɗaya a bakin hanya. Sai ya hau tudu ya duba, ya gangara fadama ya duba, ya tambayi dagaci da dattawa, kana ya rubuta wa hakimi labarin amfanin gona na shekarar.