Ƙiba, Rama da Faɗuwar Iyayenmu Mata

Iyayenmu mata, sannunku da fitowa. Na san wasu sun baro tukunya a kan murhu, ba zan ja ku da nisa ba.

Maganar faɗuwa ce ta tara mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ke rasuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 abin ya fi ci. Mace kuwa, da al'ada ta ɗauke mata, ƙashinta kan rage ƙwari. Tuntuɓe ɗaya a dokin ƙofa, sai a ji ƙugu ya karye.

Wata za ta ce, "Yaro, ni da nake daka, nake zuwa rijiya?" Gaskiyarki, Inna, aikin nan yana tsare ki. Amma idan teɓa ta taru, nauyi gaba yake rinjaya. Duk wadda ta taɓa ɗaukar tulun da bai zauna daidai kan gammo ba ta san yadda ƙafa ke fama kafin ta daidaita tafiya. Haka mai ƙiba take kullum: in santsi ya kwashe ta a bakin makewayi, kafin ƙafa ta tare nauyin, ta kai ƙasa. In ga ciwon suga, tafin ƙafa kan mutu, ba ta ma jin inda ta taka.

To, kada wata ta koma gida ta ƙaurace wa abinci. Ramammiyar tsohuwa naman cinyarta ne ya zube, kuma in ta faɗi babu abin da zai tare wa ƙashi bugu. Ni a ganina, kafin sikeli, a fara tambaya: ƙafar nan tana iya ɗaukar jikin nan?

A rage lemon kwalba da yawan mai, a ƙara wake, gyaɗa, kifi, ƙwai da nono. Aƙalla kwana 3 a mako, ki zauna kan kujera ki miƙe sau 10 ba dafawa. Ki tsaya dab da bango, ki ɗaga ƙafa ɗaya, ki ƙirga 10, ki sauya. Jikoki su taya ki ƙirgawa, dariyar ma magani ce.

Wadda jiri ke ɗiba in ta miƙe daga tabarma, musamman mai shan maganin hawan jini, ta je asibiti gobe a auna ta. Kada ta daina maganin da kanta.