Jawabi Ga 'Yan Agaji Kan Iyalai Masu Ƙananan Yara

Bayan haka, ya 'yan'uwa, janye tallafin man fetur a 2023 ya jawo tsadar abinci, har wasu gidajen unguwanninmu suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Wanda ya fi jin jiki shi ne yaron da aka yaye, musamman tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba.

Mai kunya ba ya roƙo, saboda haka mu za mu je gare shi. An ruwaito cewa Halifa Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya saɓo buhun gari cikin dare ya kai wa wata uwa da 'ya'yanta ke kukan yunwa, ya hura wutar da kansa.

Mata 'yan'uwanmu su ne za su shiga cikin gidaje, tunda namiji iyakarsa zaure. Su tafi da gero, wake da gyaɗa. Su auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5: in bai kai santimita 11.5 ba, ko ƙafafunsa sun kumbura, tamowa ce mai tsanani, a kai shi asibiti ranar nan. Kuma don Allah kada a ɗauki hoton kowa.

Wassalamu alaikum.