Birnin Kano a Idon Mai Zane da Mai Ɗaukar Hoto



Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, amma idan abin ganin ya gushe, me zai rage wa na baya ban da ji? Wannan ita ce tambayar da ta tara mu a yau, kuma za mu neme ta a cikin birnin Kano, domin babu wani birni a ƙasar Hausa da baƙi suka zana, suka ɗauki hotonsa kamarsa.

Littafin tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarauta, ya kafa Kasuwar Kurmi. Duk waɗannan mun same su ne ta hanyar ruwaya. Siffar birnin kuwa, yadda ido ya gan shi, sai a ƙarni na 19 muka fara samunta a takarda. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya hau Dutsen Dala ya zana abin da ya hango: soraye, dabino, fili mai faɗi a cikin ganuwa. Ya kuma yi taswirar unguwanni. Sai dai mu lura, zanen da ya fito a littafinsa wani mai zane ne a Jamus ya gyara shi, alhali bai taɓa taka Kano ba. Ashe tun daga farko, hoton garinmu ya bi ta hannun wanda bai san ƙanshin ƙasarsa ba.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, na'urar ɗaukar hoto ta biyo bindiga. Jami'an mulki suka ɗauki ƙofofi da kasuwa da fada, wasu hotunan aka buga su a katin gaisuwa aka aika Ingila. A wajen 1930 wani matuƙin jirgin sama ɗan ƙasar Suwizalan, Walter Mittelholzer, ya ɗauki birnin daga sama. Duk wanda ya dubi waɗannan hotuna zai ga lunguna sun ratsa tsakanin soraye kamar jijiyoyin ganye, ga kududdufai birjik inda magina suka haƙi ƙasa. Yau an cike da yawa daga kududdufan nan an yi gini a kai, ruwan sama ya rasa mazauni, muna ta kukan ambaliya. Tsohon hoto ya bayyana mana abin da ba mu tambaye shi ba.

Jama'a, mu ƙirga abin da ba mu da shi yanzu sai a hoto. Ina tsohuwar hasumiyar ƙasa ta Masallacin Juma'a, wadda ginin zamani ya maye gurbinta tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero? Ina dalar gyaɗa, wadda ta zama tambarin arzikin Arewa kafin man fetur ya shagaltar da mu? Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi. An sāke gina ta, gaskiya ne, amma sabon gini ba ya ɗauke da tambarin yatsun waɗanda suka yi na fari. Ganuwa kuwa, ko da yake an sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya tun 2007, a wurare da dama ta zama tudun shara, a wasu kuma ta zama harsashin kantuna.

Ba mu ce kada gari ya ci gaba ba. Birnin da ba ya canzawa kushewa ne. Abin da muke cewa shi ne, a san abin da ake rushewa kafin a rushe shi. Akwai misali abin koyi. Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Folan, ya shafe shekaru yana yawo da ma'aikatansa 'yan Nijeriya, suna awon gine-ginen gargajiya taku bayan taku, suna zanawa, suna ɗaukar hoto. Ya rasu a 1982, aikinsa ya fito cikin littattafai uku a 1990. Da irin wannan awo aka kwaikwayi ganuwar Kano da Masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Mika'ilu, a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. Hoton da aka haɗa da awo yana iya ta da gini bayan ya faɗi. Wanda aka ɗauka don sha'awa kurum, iyakarsa ya sa mu ƙwalla.

A nan ne laifin ya dawo kanmu. Kakanninmu ba su da na'ura, suna da uzuri. Mu kuwa kowannenmu na yawo da ita a aljihu, cikin wayarsa. Me muke ɗauka? Fuskokinmu. Mukan tsaya gaban Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa mu tare ginin da jikinmu. Wa ya ɗaga kai ya ɗauki ɗaurin guga, ya ga yadda aka jera azara? Wa ya ɗauki zanko, ko indararo, ko dagin da ke fuskar zaure? Wa ya zauna da tsohon magini ya tambaye shi yadda ake cuɗa ƙasa a murza tubali, ko yadda ake shafa makuba don ruwa ya zame? Baƙo ya ɗauki bango. Sunan maginin, da dalilin ginin, da wanda aka haifa a ɗakin, ɗan gida ne kaɗai zai iya rubuta su.

Saboda haka muna roƙon ɗalibai, in an yi hutu kowa ya koma unguwarsu ya ɗauki tsofaffin gidaje da masallatai, da izinin masu su, ya rubuta suna da rana da wuri, ya kai kwafi gidan tarihi ko laburaren jami'a, domin waya tana ɓata, tana lalacewa. Masu baiwar zane kuma su tuna alƙalami yana ganin abin da na'ura ke tsallakewa.

Ku kuma matasan ma'aikata, watarana fayil ɗin rusau zai iso teburinku. Kafin ku sa hannu, ku tambaya: an auna? An ɗauki hoto? Babu wata hanyar da titin zai bi? Tambaya uku ba za su ci albashin kowa ba, amma suna iya ceton abin da ya yi shekara ɗari biyar yana tsaye.

Idan jikokinmu suka nemi siffar Kano ta zamaninmu, kada ya zama sai sun je Landan ko Zurik kafin su gan ta.

 Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.