Jawabin Shugaban Makaranta a Bikin Yaye Ɗaliban Aji Shida

Bismillahir Rahmanir Rahim. Mai girma wakilin Kwamishinan Ilimi, mai girma Hakimi, ranka ya daɗe, mai girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, limamai da malamanmu, Allah ya gafarta muku, shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai, tsofaffin ɗalibai, iyaye maza da mata, 'yan jarida, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mun gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana. Sakamakon WAEC da NECO na bara ya faranta mana rai, yaranmu sun ciwo kofi a musabaƙar Alƙur'ani da kacici-kacici, an gyara ɗakin gwaje-gwaje, rijiyar burtsatse ma ta dawo aiki.

'Ya'yana, shekara shida ƙararrawa ce ke tashinku da asuba, ita ke kai ku aji, ita ke kwantar da ku. Daga gobe babu mai kaɗa muku ita. A jami'a ba wanda zai bi ku da bulala, wani lokaci ma ajin kansa rufewa yake yi: a 2022 yajin aikin ASUU ya ɗauki wata takwas cur. Wanda ya dogara da ƙararrawar wani, wata takwas ɗin nan a bakin titi ya cinye su. Don haka kowa ya yanka wa kansa abin da zai riƙa yi kullum, ƙarami, a lokaci tsayayye, kuma ya ɗaure shi a jikin salla, tunda salloli biyar sun riga sun raba mana yini. Ku duba lissafin alarammomi. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni takwas, jimla 480. Mai riƙe sumuni guda bayan kowace sallar asuba zai kai ƙarshe cikin kusan shekara ɗaya da wata huɗu. Mai jiran ranar da zai ji kuzari ya haddace izu guda a zama ɗaya kuwa, har furfura ta riske shi bai wuce Sabbi ba.

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci: Malam, babu wuta, ga aikin gida, ga talauci. Gaskiya ne, ban raina ko ɗaya ba. Amma wanda lokacinsa ya yi kaɗan ai shi ya fi kowa bukatar tsara shi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya bar littattafai sama da 100, 'yarsa Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, har a zamanin hijira da yaƙe-yaƙe, babu lantarki. Kuma rashin wutar nan bai taɓa hana wayarku zuwa wurin mai caji ba! Kullum sai an biya, kullum sai an kai ƙarfe biyun dare ana TikTok. Ashe kun iya ɗorewa a kan abu. Wani kuma ya ce komai rabo ne. Haka ne, Allah ke bayarwa, sai dai manomin da ya yi barci ranar ruwan shuka ba ya zargin rabo da kaka.

Iyaye, ku yi haƙuri, har da mu. Katin gayyata ƙarfe 10 ya ce, ba mu fara ba sai da 12 ta gota, yaran nan kuma suna zaune a rana suna kallonmu. Ban ambaci sunan kowa ba.

Mai girma wakilin Kwamishina, ga saƙo a isar. Karatun dare ya tsaya a makarantar nan saboda janareta ya fi ƙarfin aljihunmu. Muna roƙon fitilu masu aiki da hasken rana a azuzuwa kafin ƙannen waɗannan su dawo daga hutu. Takardar roƙon tana ofishinku tun zangon farko.

Allah ya yi muku albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.