Bayan Zuciya Ta Farfaɗo, Ina Labarin Ƙoda?



Bara zuciyar kawuna ta tsaya cik bisa gadon asibiti. Likitoci suka dukufa a kansa har ta koma bugawa, mu kuwa muka koma gida Ƙofar Gayan muna ta hamdala. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Kwana biyu ya yi a ɗakin gobe-da-nisa, sai fitsari ya ɗauke masa, a rana ta shida ya riga mu gidan gaskiya. Dalilin jawabin nan ke nan.

Ku sani, ƙodojin mutum, duk da ƙanƙantarsu, su ke karɓar wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa. A kullum suna tace lita 180 ta ruwan jini, su mayar wa jiki kusan duka, su fitar da wajen lita ɗaya da rabi, watau fitsari. To, in zuciya ta tsaya, 'yan ƙananan hanyoyin da ke cikin ƙoda sai su rasa iska su lalace. Ko an ta da zuciyar, jinin yakan daɗe yana tafiya da rauni, ɓarnar ta ƙaru. Daga nan dauɗa ta taru a jiki, gishirin fotashiyam ya hau, shi kuwa in ya yi yawa yana iya sake tsayar da zuciyar. Likitoci sun tabbatar cewa waɗanda ƙodarsu ta taɓu sun fi saurin rasuwa, kuma gwargwadon daɗewar da zuciya ta yi a tsaye, gwargwadon ɓarnar.

Amma fa ba a yanke ƙauna. Tun 1945 wani likitan Holan, Willem Kolff, ya ceci ran wata mata da na'urar wankin ƙoda, kuma da yawa daga waɗanda suka rayu ƙodarsu takan warke.

Mene ne namu a ciki? Ba a fafe gora ranar tafiya. In mutum ya yanke jiki ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi sosai, kada mu tsaya yayyafa masa ruwa. A kwantar da shi rigingine a ƙasa, a ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa, wani kuma ya ruga neman mota. Ga Asibitin Gambo Sawaba nan kusa, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Sa'an nan mai jinya ya lura da yawan fitsarin majiyyaci, kada kuma ya ɗirka masa maganin ciwon jiki ko jiƙo ba da sanin likita ba.

Rai dai na Allah ne, amma shi ya umarce mu da neman magani. Allah ya jiƙan kawuna, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.